Maharana Pratap da Sarki Akbar: wa ya ci yaƙin Haldighati?

Bakanon Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san tarihin Indiya ce. Indiyawan da muke aiki tare a nan Jidda ba sa gajiya da musu a kan wani sarki, Maharana Pratap. 'Yan Rajastan daga cikinsu hotonsa ne a fuskar wayarsu, yana bisa doki da mashi a hannu. Wannan ya ce ya ci Sarki Akbar da yaƙi, wancan ya ce ina, kashi ya sha ya tsere cikin duwatsu. Ga kuma wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp wai mashinsa kaɗai ya kai kilo 80. Me ya haɗa shi da Akbar tun farko? Yaƙin Musulmi da Hindu ne kamar yadda wasu ke faɗa? Kuma a ƙarshe wa ya yi nasara? Don Allah a yi mini bayani da hujja.

Malam na Misfala

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zan ɗauki tambayar farko da ta biyu, in bar wa wasu maganar fagen fama.

Pratap sarkin Mewar ne, ƙasa a kudancin Rajastan ta yau, gabashinta fili, yammacinta duwatsun Aravalli. An haife shi a 1540 a Kumbhalgarh. Gidansu shi ne Sisodiya, wanda sauran Rajputawa, wato gidajen sarauta da mayaƙan Hindu na yankin, ke yi wa kallon babban gida. Tun yana ɗan sarki aka ƙwace musu babban birninsu, Chittor. Akbar, sarkin daular Mugal ta Musulmi da ke mulkin arewacin Indiya a lokacin, ya yi wa birnin ƙawanya daga Oktoba 1567 zuwa Fabrairu 1568. Mahaifin Pratap, Udai Singh, ya riga ya fice zuwa duwatsu, ya bar tsaro a hannun jarumai biyu, Jaimal da Patta. Mutanen Akbar suka haƙa ramuka har ƙarƙashin ganuwa suka cusa albarushi. Da aka harbe Jaimal, matan gidan sarauta suka faɗa wuta don kada a kama su, mazan suka buɗe ƙofa suka fito aka kashe su. Bayan an shiga sai aka bi ta kan talakawan da suka fake a ciki, littattafan tarihi suna ambaton wajen mutum 30,000. Pratap na da shekara 27 a lokacin. Duk mai maganar taurin kansa ya fara tuna wannan.

Udai Singh ya rasu a Gogunda a 1572. Ya so Jagmal, ɗan mowarsa, ya gaje shi, amma manyan ƙasa suka ƙi, suka naɗa Pratap wanda shi ne babban ɗa. Jagmal ya yi fushi ya koma wurin Akbar, aka ba shi ƙasar Jahazpur. Ka ga tun ranar naɗi akwai ɗan gida a ɓangaren abokin gaba.

Abin da Akbar ke nema a wurin Pratap caffa ce. Tsarinsa da sarakunan Rajput a fili yake: sarki ya zo fada da ƙafarsa ya faɗi gaisuwa, ya kawo dukiya, a ba shi muƙami da adadin dawakin da zai riƙa kawowa duk ranar da aka yi kiran yaƙi, sannan a bar masa ƙasarsa da addininsa. Wasu gidajen suka ƙara da surukuta. Bharmal na Amber ya aurar wa Akbar 'yarsa a 1562, ita ce ta haifi Jahangir, ɗan Akbar da ya gaje shi. Bikaner da Jaisalmer suka shigo a 1570.

Me ya sa bai ƙyale Mewar ba? A nan maganar ta zo ƙofar gidanmu. Akbar ya ci Gujarat a 1572 zuwa 1573, kuma hanyar da ta tashi daga Agra ta bi Ajmer ta gangara Ahmadabad da Surat tana bin gefen Mewar ne. A wancan zamani Surat ita ce tashar da alhazan Indiya ke hawa jirgin ruwa su sauka a Jiddar da kake zaune, ita ce kuma bakin cinikin teku. Gwaggon Akbar, Gulbadan Begum, ta taso aikin Hajji da ayarin matan fada a 1575, ta yi kusan shekara a Surat tana jiran hanya saboda Turawan Fotugal da suka tare teku, ba ta koma gida ba sai 1582. A 1576 Akbar ya naɗa Amirul Hajji, Sultan Khwaja, ya tura ayari da kuɗin baitulmali. Mai irin wannan hanya ba zai yarda da sarkin da bai yi masa caffa ba yana zaune a kan duwatsun da ke kallonta.

Sau huɗu yana aika manzanni tsakanin 1572 da 1573: Jalal Khan, sai Man Singh, sai Bhagwant Das, sai Todar Mal. Uku na ƙarshen duk Hindu ne. Pratap ya karɓe su da mutunci, amma zuwa fada da kansa ya ce ba zai je ba. A nan zance ya tsinke.

Maganar addini kuwa, dubi jagorori. Wanda ya ja rundunar Akbar shi ne Man Singh na Amber, Barajpute kuma Hindu. Wanda ya ja sahun gaban Pratap shi ne Hakim Khan Sur, Musulmi ɗan asalin Afganistan, daga gidan Sur da Mugal suka karɓe mulkin Delhi daga hannunsu. Musulmi sun mutu a ɓangarori biyun, Hindu ma haka. Rigimar sarauta ce da hanya.

Madawakin Riyad

Allah ya saka wa Malam. Ni zan shiga fagen, don muna da shaidar gani da ido: Abdul Ƙadir Badauni, malamin fadar Akbar, da shi aka yi yaƙin kuma ya rubuta shi a littafinsa Muntakhabut Tawarikh. Ga kuma Akbarnama, tarihin mulkin Akbar da marubucin fadarsa Abul Fazl ya rubuta.

Man Singh ya tashi daga Ajmer a watan Afrilu 1576, ya yi zango a Mandalgarh kusan wata biyu ko Pratap zai sauko fili. Bai sauko ba. Sai ya matsa bakin kogin Banas, kusa da ƙauyen Khamnor. Tsakaninsa da Gogunda akwai mashigar Haldighati, matsattsiyar hanya a tsakanin duwatsu mai ƙasa rawaya. Ranar 18 ga Yuni 1576, shekara ta 984 bayan Hijira, aka gwabza.

Adadi: Pratap na da barade wajen 3,000 da maharban ƙabilar Bhil wajen 400. Man Singh na da tsakanin 5,000 zuwa 10,000, gwargwadon majiyar da ka bi. Masu cewa 20,000 ne suka kara da 80,000 daga ruwayoyin baya suka ɗauko, wurin ma ba zai ɗauki wannan jama'a ba. Igwa ba ta yi aiki a ranar ba saboda hanya ba ta jawuwa, amma Mugal na da 'yan bindiga da maharba a kan doki, Mewar kuwa takobi da mashi da giwaye ta dogara da su.

Jerin Pratap: Hakim Khan Sur a gaba, tare da Ramdas ɗan Jaimal na Chittor. Hannun dama Ramshah Tanwar, tsohon sarkin Gwalior, da 'ya'yansa uku. Hannun hagu Bida Jhala. Shi kansa a tsakiya, 'yan Bhil a baya. Jerin Man Singh: Jagannath da Asaf Khan a gaba, bayansu Madho Singh da 'yan ɗauki, Sayyidan Barha, wani gidan mayaƙa Musulmi, a dama, Ghazi Khan Badakhshi da Rao Lonkaran a hagu, shi a tsakiya bisa giwa, sai Mihtar Khan can baya da rundunar ajiya. Ka riƙe sunan Mihtar Khan.

Pratap bai tsaya jira a cikin mashigar ba, fitowa ya yi ya afka musu. Karon farko ya yi kyau ƙwarai. Sahun gaban Mugal ya rikice a cikin ƙaya da kwazazzabai, hannun hagunsu ya watse, wasu suka yi ta gudu har suka haye kogi. Sayyidan Barha ne suka dage ba su motsa ba. Aka saki giwaye. Babbar giwar Mewar, Ram Prasad, tana ture na Mugal, sai kibiya ta sami mai tuƙa ta ya faɗo, wani jami'in Mugal ya yi tsalle ya haye wuyanta, ta zama ganima. Wannan ita ce matsalar giwa a yaƙi: ƙarfinta duka yana hannun mutum ɗaya da ke zaune a sarari, kowa na ganinsa.

Ana cikin haka Mihtar Khan ya taso daga baya da tambura, yana shelar cewa Sarki Akbar ya iso da kansa. Ba gaskiya ba ne, amma masu gudu suka juyo, mutanen Mewar kuwa sun riga sun gaji, kuma babu wasu sababbi a bayansu. A ganina nan ne kuskuren yake. Mai mutum 3,000 ya zuba su duka a karo ɗaya bai ajiye ko kashi ɗaya ba, kuma ya bar matsatsin da yawan abokin gaba ba ya amfani ya fito inda za a iya kewaye shi. Da karon farko bai gama aikin ba, shi ke nan.

Pratap ya ji raunin kibiya da na mashi. Bida Jhala ya karɓi laimar sarauta ya ɗaga a kansa, Mugal suka yi kansa suna zaton sarkin ne, aka kashe shi, Pratap ya sami ficewa. Ramshah da 'ya'yansa uku sun mutu, Ramdas ya mutu, Hakim Khan ya mutu. Daga hantsi zuwa azahar an gama. Abul Fazl ya ce Mugal sun rasa 150, Mewar 500. Badauni ya ce gawa 500 ce a filin, 120 daga ciki Musulmi.

Saboda haka amsar a taƙaice: filin Haldighati Man Singh ne ya ci shi. Sai dai ba fili aka aiko shi ya ci ba, Pratap aka ce ya kawo, a raye ko a mace. Bai bi shi ba, saboda zafin Yuni da tsoron kwanton ɓauna. Ya shiga Gogunda ya tarar da ita kusan kango, ya haƙa gwalalo ya gina katanga a bakin tituna don tsoron farmakin dare. Hatsi ya yanke, sojoji suka koma cin nama da mangwaro har ciwo ya kama da yawansu. Badauni ne ya kai wa Akbar giwar nan, amma da Man Singh da Asaf Khan suka koma sai aka hana su shiga fada na wani lokaci.

Bakanon Jidda

Na gode Malam, na gode Madawaki. To in dai an ci shi a fili, me ya sa har yau ake ɗaga hotonsa? Sarakuna nawa aka ci da yaƙi aka manta da su?

Hajiya ta Madina

Ƙanena, sunansa ba a rabin yinin Haldighati ya samu ba, a shekara 20 da suka biyo baya ne. Kuma abin da ya yi a cikinsu aiki ne na lissafi.

Da farko ya kwashe mutane daga filayen Mewar ya mai da su duwatsu, ya hana noma a ƙasan da Mugal ke iya kaiwa, da hukunci mai tsanani ga wanda ya saɓa. Mugal sun kafa ribaɗai a garuruwa da mashigai, amma ribaɗi ba ya ci da kansa. Tunda babu gona a kusa, dole a kawo hatsi daga wajen Ajmer a bayan shanun fatake, ayari mai tafiyar hawainiya a hanyar da dutse ke dama da hagu. Nan mutanensa ke tare su. 'Yan Bhil su ne idanunsa, su suka san kowace 'yar hanya da kowane idon ruwa, shi ya sa tambarin gidan sarautar Mewar yake ɗauke da Barajpute a gefe guda da ɗan Bhil a ɗaya gefen.

Sannan ya ɗauki darasin Chittor: bai ƙara yarda a rufe shi cikin ganuwa ba. Kumbhalgarh ganuwarta ta kai kilomita 36, amma da Shahbaz Khan ya kewaye ta a 1578, kafin ta faɗi Pratap ya riga ya sulale. Haka aka yi ta yi. Runduna ta zo da rani ta kama garuruwa, damina ta sauka ko a kira ta wani wuri, shi kuma ya dawo ya kore 'yan tsirarun da aka bari. Wanda ya san yadda Ningawa suka riƙe duwatsunsu a ƙarni na 19, Kano da Bauchi da Zazzau na kai musu yaƙi ana komawa, ya san irin wannan. Ya kuma riƙa zuga maƙwabta, Idar da Sirohi da Jalor, don a raba hankalin Mugal. Mai Jalor ɗin, Taj Khan, Musulmi ne. Kuɗin biyan mayaƙa kuwa, sunan da ake ambata shi ne Bhamashah, wazirinsa mabiyin addinin Jain, wanda ya kawo masa dukiya a lokacin da baitulmali ya bushe.

Amma a faɗi gaskiya, lokaci ma ya taimake shi. A 1580 tawaye ya tashi a Bangal da Bihar. A 1581 ɗan'uwan Akbar, Mirza Hakim na Kabul, ya kutso Punjab. A wannan tsakanin ne Pratap ya kai farmakin Dewair a 1582, wanda majiyoyin Mewar ke cewa ya jawo rushewar ribaɗai 36. Yaƙin ƙarshe da aka tura masa shi ne na Jagannath a 1584 zuwa 1585. Daga nan Akbar ya koma arewa maso yamma, ya zauna Lahor har 1598 yana tsaron Uzbekawa. Pratap ya kafa sabuwar fada a Chavand a 1585, ya mai da Kumbhalgarh da Gogunda da Udaipur hannunsa. Chittor da Mandalgarh ba su dawo ba har ya rasu a watan Janairu 1597, yana da shekara 56, sakamakon raunin da ya ji wajen farauta.

Ribar abin sai a hannun ɗansa ta fito. Amar Singh ya ci gaba da yaƙi har ƙasa ta gaji, ya yi sulhu da Jahangir a 1615 ta hannun Yarima Khurram, wanda ya zama Shah Jahan. Dubi sharuɗɗan: sarkin Mewar ba zai je fada da kansa ba, magajinsa Karan Singh ne zai je. Za su ba da dawaki 1,000. An mayar musu da Chittor bisa sharaɗin ba za a gyara ganuwarta ba. Ba a nemi auren 'yarsu ba. Wato abin da Pratap ya ƙi tun 1573, zuwa da ƙafarsa, shi ne aka ɗauke wa gidansa bayan shekara 42. Babu gidan Rajput da ya sami irin wannan sassauci.

Kan tambayarka ta mantuwa: Rao Chandrasen na Marwar shi ma ya ƙi caffa, ya yi yawon duwatsu har ya rasu a 1581, amma kaɗan ne suka san shi a wajen Rajastan. Bambancin shi ne ƙasarsa ta koma hannun ɗan'uwansa da ya bi Akbar, shi kuwa Pratap zuriyarsa ta ci gaba da mulki a Udaipur, tana da maroƙa da marubuta masu raya sunansa.

Ɗan Sharar Mansur

Hajiya ta yi bayani mai kyau. Ina da ƙari biyu, ɗaya ga Malam na Misfala, ɗaya kan bidiyon.

Allah ya gafarta Malam, na yarda asalin rigimar ba addini ba ne, amma kada ɗan'uwanmu ya je ya ce babu addini a ciki ko kaɗan, za a kawo masa hujja ya rasa amsa. Takardar bushara da aka fitar da sunan Akbar bayan cin Chittor a 1568 da harshen jihadi aka rubuta ta. Badauni da kansa ya ce neman ladan jihadi ne ya kai shi Haldighati, kuma ya rubuta cewa da aka cakuɗe ya tambayi Asaf Khan yadda zai bambance Rajputawansu da na Pratap, aka ce masa ya yi ta harbi, duk wanda ya faɗi riba ce. Wannan yana nan a rubuce. Abin da za a ce shi ne kowane ɓangare ya yi amfani da harshen addini, amma wa ke bayan wa, maslahar sarauta ce ta tsara shi. Haka kuma hana noman nan da Hajiya ta ambata, talakan Mewar ne ya ɗauki nauyinsa, shekara da shekaru babu gona babu gida. Masu ɗaga hoto ba su cika faɗin wannan ba.

Mashi mai kilo 80 kuwa ba gaskiya ba ne, haka ma sulke mai kilo 72 da jimillar kilo 208 da ake yaɗawa. Makamansa suna gidan tarihi na fadar Udaipur, kuma nauyin da aka rubuta musu gaba ɗaya, sulke da kwalkwali da garkuwa da takubba da mashi, wajen kilo 35 ne. Ko hankali ma zai ba ka. Dokin yaƙi yana ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa cikin sauƙi, in ya wuce haka sosai gudu ya ragu. Doki mai kilo 400 ka ɗora masa mutum da ƙarin kilo 208, ba zai hau dutse ba balle ya yi sukuwa. Mashin barde kuma da hannu ɗaya ake sarrafa shi, ɗayan na riƙe da linzami.

Dokinsa Chetak, da labarin ya tsallake rafi da ƙafa uku ya faɗi ya mutu, ba ya cikin rubutun waɗanda suka ga yaƙin. A waƙoƙin baya sunan ya fito. Labarin gurasar ciyawa da 'ya'yansa suka ci, da labarin ɗan'uwansa Shakti Singh da ya cece shi a hanya, duk wannan sahun ne: ruwayar maroƙa, a ɗauke ta a matsayinta. Wanda ya yaɗa su a duniya shi ne Baturen Ingila James Tod, jami'in mulki a yankin, a littafinsa na tarihin Rajastan da ya fito a 1829 da 1832. Daga nan masu neman 'yancin Indiya suka ɗauki Pratap a matsayin alamar ƙin mulkin baƙo, suna nufin Ingila. A zamaninmu kuma siyasa ta ja shi wani wajen, har a 2017 aka sauya littafin makarantun Rajastan aka rubuta cewa shi ya ci Haldighati. Musun abokan aikinka daga nan yake tasowa, shi ya sa yake zafi.

Malam na Misfala

Ƙarin Ɗan Sharar Mansur daidai ne, a haɗa shi da nawa.

Ga wanda hanya ta kai shi Indiya, ko don magani ko kasuwa, wuraren duk suna kusa da Udaipur, kuma filin jirgin garin ma sunan Maharana Pratap yake ɗauke da shi. Haldighati wajen kilomita 40 ce arewa da garin. A yankin akwai kabarin Hakim Khan Sur, da wurin tunawa da Chetak, da filin Rakt Talai a Khamnor inda aka yi gumurzun ƙarshe. Kada ka tsaya a mashigar kawai, don an faɗaɗa ta an shimfiɗa kwalta, kuma yawancin yaƙin a filin ƙasa aka yi shi. Kumbhalgarh wajen kilomita 85 ce, Chittor ta ɗan haura 110 ta gabas, dukansu biyu suna cikin ganuwoyin Rajastan da UNESCO ta sa a jerinta a 2013. Chavand tana kudu, wajen kilomita 60. A cikin Udaipur kuma akwai mutum-mutuminsa na tagulla a tudun Moti Magri, bisa tafkin Fateh Sagar. Haldighati da Kumbhalgarh ana haɗa su a yini ɗaya in an fita da sassafe, Chittor kuwa a ware mata nata yinin. Lokacin zuwa daga Oktoba ne zuwa Fabrairu. Mayu da Yuni zafi kan haura digiri 40.